Ƙwaron Da Ke Cinye Ƙugiyar Haruffanmu

 Mu ’yan aji biyu na ƙaramar sakandare da ke cikin Ƙungiyar ’Yan Jarida, mu aka bai wa wannan gefen allo a wannan makon, kuma da kacici-kacici za mu fara. Ƙulun ƙulufit! Wane ƙwaro ne ba ya cizo, ba ya ɓata albasa a gona, maganin feshi ba ya kashe shi, amma yana iya mai da ƙura ta zama kura, ya mai da faɗa ya zama fada? Wanda ya kasa sai ya ba mu gari. To, mun karɓi Shanga, mun haɗa da Ngaski. Amsar ita ce ƙwaron kwamfuta.

Masu harkar kwamfuta suna kiran duk wani kuskure da ya ɓuya a cikin manhaja da sunan ƙwaro. Injiniyoyi sun daɗe suna faɗin haka, tun zamanin Thomas Edison. Amma labarin da ya fi shahara ya faru ranar 9 ga Satumba, 1947, a Jami’ar Harvard ta Amurka. Wata tsohuwar kwamfuta mai girman ɗaki, wadda ake kira Mark II, ta sami matsala. Da ma’aikata suka bincika sai suka tarar da ƙwaro na gaske, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale a cikinta. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Grace Hopper, wata masaniyar lissafi da ke aiki da na’urar, ita ta riƙa ba da labarin har ya bazu a duniya. Littafin yana nan da ƙwaronsa a gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington.

Wani zai ce mene ne ruwan ’yan Yelwa da wannan? Akwai ruwanmu, domin wannan allon da kuke karantawa ya sha fama da irin waɗannan ƙwari. Rubutun Hausa yana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan ga ’y da muke rubutawa da ɗan waƙafi a sama, wadda ’yan’uwanmu na Jamhuriyar Nijar ke rubutawa ƴ. Idan ƙugiya ta faɗi, ma’ana takan faɗi tare da ita. Ƙafa daban, kafa daban. Baƙi daban, baki daban. Ƙaya tana soke mutum, kaya kuwa ɗauka ake yi. Ku duba abin da zai faru idan muka so rubuta cewa “dattawa sun tafi fada” sai wani ya karanta “dattawa sun tafi faɗa”. A garin da ke da sarki kamar namu, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Ga yadda muke shirya mujallar nan. Kowa ya rubuta labarinsa a takarda, malamar Hausa ta duba, sannan mu buga a kwamfutar tafi-da-gidanka ta malamin kwamfuta, ranar da aka sami wuta ko caji. Daga nan a zuba a filashi a kai shagon da ke da firinta a cikin gari. A zangon da ya wuce, sau biyu takardu suna dawowa da abin mamaki. Karo na farko, duk inda muka rubuta ƙ sai aka ga Æ™, inda muka rubuta ɗ kuma aka ga É da dogon layi a gefensa. Karo na biyu, ƙananan akwatuna ne suka zauna a gurbin haruffan. Kuɗin bugawa daga karo-karonmu yake fitowa, don haka kowace takarda da ta lalace kuɗin karin kumallon wani ne ya tafi. Sai da muka bi da biro muna yi wa haruffa ƙugiya da hannu, har yatsunmu suka yi shuɗi.

Malam ya zaunar da mu ya ce ciwon kashi uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Na farko, allon madannai. An tsara shi ne don Turanci, babu maɓallin ƙ a kansa, sai an ɗora masa tsarin Hausa, kamar yadda ake sa allon Hausa a waya. Akwai manhaja kyauta mai suna Keyman da ke yin wannan aikin. Na biyu, lambar harafi. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa, har da namu masu ƙugiya, sannan akwai hanyar adana lambobin a fayil da ake kira UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992. A wannan hanyar, a da b da sauran haruffan Turanci kowanne gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ gurbi biyu take ci. Idan wata manhaja ta buɗe fayil ɗin da tsohon tsarin Turai, sai ta ɗauki gurbin nan biyu a matsayin haruffa biyu, shi ya sa muka ga Æ da ™. Na uku, zanen haruffa. Ko lambar ta yi daidai, in salon rubutun da aka zaɓa ba a zana ƙ a cikinsa ba, kwamfuta takan sa akwati. Maganinsa shi ne a zaɓi salo irin su Charis SIL ko Andika ko Noto, waɗanda ke ɗauke da haruffanmu kuma kyauta ne.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda fayil ɗin farko ya warke a gabanmu. Malam ya buɗe shi a wata manhajar rubutu mai suna Notepad++, ya shiga inda ake zaɓen tsarin lambobi, ya danna UTF-8. Nan take duk ƙugiyoyin suka dawo mazauninsu, aji ya ɗauki tafi. Ya kuma gargaɗe mu cewa in aka adana rubutu da tsohon tsari tun farko, haruffan sukan koma alamar tambaya, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an sake bugawa. Don haka duk mai buga Hausa ya duba tsarin kafin ya adana. Rigakafi ya fi magani.

Mun tambayi Malam nawa ya sayi wannan manhaja. Ya ce ko kwabo bai biya ba, kuma ba ta sata ba ce. Wani mutum mai suna Don Ho ne ya fito da ita a 2003, ya bar ta a buɗe. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana umarnin da aka rubuta ta da shi, kowa yana da izinin karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Kamar mai ƙosai ce ta ba ka ƙosai, sannan ta gaya maka yawan wake da albasa da barkonon da ta sa, ta ce in ka gano yadda zai ƙara daɗi ka dawo ka faɗa wa kowa. Richard Stallman ne ya fara fafutukar irin wannan ’yanci da shirin GNU a 1983.

Mu dai da muka ji bayanin, gayya ce ta faɗo mana a rai. A ƙauyukanmu idan aikin gona ya fi ƙarfin gida ɗaya, ana kiran gayya, kowa ya zo da fartanyarsa. Haka nan duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yelwa ya ga masunta zaune suna ɗinke ragar kamun kifi ido bayan ido, ya ga masu jirgi sun kifa kwalekwale suna toshe inda ruwa ke shiga. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya cika, rayuwar mutane da yawa a nan ta dogara ga jirgi, kuma babu mai jirgin da ke cewa ya gama gyara har abada. Yau a toshe nan, gobe wani wuri ya buɗe. Manhaja ma haka take. Abin dariya, gyaran da ake aika wa manhaja sunansa faci, kalma ɗaya da wadda mai facin taya na bakin tasha yake amfani da ita.

Akwai shekarar da muke so ku riƙe, ita ce 1991. Ranar 27 ga Agusta aka ƙirƙiro Jiharmu ta Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Kwana biyu kafin nan, wani ɗalibin jami’a a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya sanar da aikin da ya zama Linux. A watan Oktoba aka fitar da kundin Unicode na farko. A watan Nuwamba kuma wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya saki manhajar rubutu mai suna Vim. Ke nan Vim sa’ar jiharmu ce, kuma ta girme mu da kimanin shekara 20.

Labarin Vim shi ne ya fi tsaya mana a zuciya. Tushenta wata tsohuwar manhaja ce mai suna vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976, kuma sunan Vim yana nufin vi da aka inganta. Ba rana ɗaya ta zama abin da take ba. Siga ta 6.0 ta fito a 2001 da ikon sarrafa Unicode, wato tana iya riƙe haruffa irin namu ba tare da ta dagula su ba. Siga ta 7.0 ta zo a 2006 da mai duba kuren rubutu. Siga ta 7.3 ta 2010 ta koyi tuna canje-canjen da mutum ya yi ko bayan ya rufe fayil, yadda gobe zai iya komawa baya ya dawo da abin da ya goge. Siga ta 8.0 ta fito a 2016, ta 9.0 kuma a 2022. Tsakanin waɗannan manyan sigogi akwai dubban ƙananan faci, kowanne da lambarsa.

Malam ya nuna mana yadda ake rubuta bayanin facin Vim. Layi biyu ne kawai. Na farko ya faɗi matsala, na biyu ya faɗi magani, galibi tare da sunan wanda ya kawo gyaran. Babu zagi, babu tonon asiri, babu cewa wane ne ya jawo. Mun yi ta tunanin yadda ajinmu zai kasance in haka muke yi duk lokacin da tsintsiya ta ɓata ko kujera ta karye.

Bram bai sayar da Vim ba. Abin da ya roƙa shi ne duk wanda ya ji daɗinta ya taimaka wa yara marasa galihu a ƙasar Yuganda. Shi da kansa ya yi aikin sa kai a cibiyar yara ta Kibaale a kudancin ƙasar, inda cutar ƙanjamau ta bar marayu da yawa, ya kuma kafa ƙungiyar ICCF Holland don tara musu gudummawa. Shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe Vim yakan ga saƙon taimakon yaran a fuskar farko. Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 2023, yana da shekara 62, bayan ya kwashe fiye da shekara 30 yana karɓar rahoton ƙwari yana haɗa faci. Da manhajar rufaffiya ce a aljihunsa shi kaɗai, da wataƙila ta tafi tare da shi. Da yake a buɗe take, abokan aikinsa irin su Christian Brabandt suka ci gaba, suka fitar da siga ta 9.1 a watan Janairun 2024, suka sadaukar da ita gare shi.

Wannan ya tuna mana cewa haruffanmu ma gyara ne ya kawo su. Kafin boko, da ajami ake rubuta Hausa, kuma har yau ana yi. Da aka fara rubuta ta da haruffan Turawa, sautukan ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi, sai wasu su sa ɗigo, wasu su sa waƙafi. A shekarun 1930 aka tsaya a kan ƙugiya, kuma aikin ɗab’i na Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki, ya taimaka wajen yaɗa ta. Can aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mutanen da suka rigaye mu sun ga gurbi sun cike shi. Bai kamata a ce a hannunmu ƙugiyar za ta zube ba, don kawai waya ta zo.

A cikin ƙungiyarmu ma ba baki ɗaya muka zama ba. Wasunmu sun ce a WhatsApp da Facebook kowa yana rubutu ba ƙugiya kuma ana fahimta, don me za mu wahalar da kanmu? Gaskiya ne Bahaushe yakan gane daga jimla. Amma ƙanenmu na firamare da ke koyon karatu fa? Da abokanmu Gungawa da Kambari da Shangawa, waɗanda a gida wani harshe suke yi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta suka koye ta? Su ƙugiyar ce ke nuna musu yadda za su furta. Sannan a jarrabawar BECE da ke jiranmu a aji uku, mai maki ba zai ce ai ya gane nufinmu ba. Hannun da ya saba barin ƙugiya a waya zai bar ta a takardar amsa.

Wasu kuma sun ce gyaran manhaja aikin Turawa ne da ’yan jami’a, mu da ko kwamfuta ba ta ishe mu ba. Amsar da Malam ya ba mu ita ce rabin gyara shi ne kai rahoto. Injiniyan da ke Jamus ko Faransa bai san ana rubuta ’ya’ya ba, balle ya san abin da manhajarsa ke yi wa kalmar. In mu ba mu faɗa ba, wa zai faɗa? Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Ga ƙwari uku da muka riga muka kama da idonmu a manhajoji daban-daban. Na ɗaya, idan ka fara kalma da ’y, wasu manhajojin sukan juya waƙafin ya koma alamar buɗe zance, sai ka ga ‘yan maimakon ’yan. Na biyu, idan ka danna kalma irin ’ya’ya sau biyu don ka zaɓe ta, wani lokaci ba ta zaɓuwa gaba ɗaya, domin manhajar ta ɗauki waƙafin a matsayin alamar rubutu. Na uku, jan layi yakan cika ƙarƙashin kusan kowace kalmar Hausa kamar duk kure muka yi. Dalili shi ne mai duba kuren yana auna kalmominmu da ƙamus na Turanci. Manhajoji irin su LibreOffice da Firefox suna karɓar ƙamus na kowane harshe, kuma galibi ’yan sa kai ne ke tattara kalmomin. In Hausa mai miliyoyin masu magana tana bukatar hannu, ku yi tunanin Gunganci da Kambarci da Shanganci.

Rahoto mai amfani yana da ƙa’ida. Wanda ya ce “kwamfuta ta lalace” bai faɗi kome ba, kamar mara lafiya ne ya je asibiti ya ce jikinsa ne kawai. Abu biyar ake so. Sunan manhajar da lambar sigarta. Abin da ka yi, mataki bayan mataki. Abin da ka zaci zai faru. Abin da ya faru a zahiri. Sai ko matsalar tana maimaituwa in an sake gwadawa. Kafin a aika, a duba ko wani ya riga ya kai irin rahoton, kuma a gwada sabuwar siga ko an riga an gyara. A rubuta da ladabi, domin yawancin masu gyaran ba albashi ake biyansu ba, lokacin hutunsu suke bayarwa.

Saboda haka ƙungiyarmu ta yanke shawara uku. Mun sayi littafi mai ganye 40 mun rubuta Littafin Ƙwari a bangonsa, yana teburin malamar Hausa. Duk wanda ya ga waya ko kwamfuta ta ɓata rubutun Hausa, ya zo ya rubuta abubuwan nan biyar. Ƙarshen kowane wata za mu zauna da Malam mu tace, mu raba wanda rashin saiti ne da wanda ƙwaro ne na gaske, mu fassara na gasken zuwa Turanci, shi kuma ya aika wa masu manhajar. Na biyu, rabin littafin na baya mun ware shi don tara kalmomi da daidaitaccen rubutu, musamman na nan yankin, sunayen kifi da na kayan su da na garuruwa, a Hausa da sauran harsunan ajinmu. Na uku, daga wannan fitowar za mu buɗe ɗan gurbi a ƙasan allo mai layi biyu, Matsala da Magani, inda za a riƙa gyara duk kuren da mai karatu ya gano, tare da sunan ajinsa.

Muna roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su duba yiwuwar ba mu awa ɗaya a mako da kwamfuta mai caji. Muna roƙon yayyenmu na babbar sakandare da suka fi mu Turanci su taya mu fassara. Masu waya a gida kuma, ku sa allon Hausa yau, ku koya wa Baba da Inna inda ƙ take. Da yawa in ka danne k ka ɗan riƙe, za ka gan ta ta fito.

Ba mu san ko a cikinmu akwai wanda wata rana za a rubuta sunansa a ƙarƙashin faci ba, amma sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya fara gano kure a wannan rubutun namu, shi zai buɗe gurbin Matsala da Magani na mako mai zuwa. Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga ’yan aji biyu, Ƙungiyar ’Yan Jarida.